Amsa ga ƙanwarmu ta Aboabo mai rubuta labarin galamse: yadda maƙiya ke haɗa kai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki, kince kina rubuta littafi ne, labari mai tada hankali irin wanda in mutum ya fara baya iya ajiyewa, akan sauyin yanayi da lalacewar ruwa da daji anan Gana. Jarumarki 'yar Aboabo ta Kumasi ce data gama jami'a ta shiga gwagwarmayar kare muhalli, kuma kina so a tsakiyar labarin ta haɗa kai da mutanen da babu wanda zai zaci zasu sha inuwa ɗaya da ita, amma duk sanda kika rubuta wurin sai kiji kamar tilas kika musu, sannan wadda kika ba ta karanta tace miki labarin ya koma lacca. Toh ni aikin dana daɗe ina yi gwajin ruwa ne, ɗibar ruwa a kwalba da kaiwa ɗakin gwaji, daga baya kuma ina duba wa yaranmu na zango rubutun wasan rediyo da gajerun labarai, dan haka ta ɓangarorin nan biyu zan miki magana.

Abinda yasa kike jin ƙarya a wurin, ina kyautata zaton da baki kike haɗa su. Wato jarumar ta tsaya tayi bayani mai kyau akan kogi da jikokinmu, sai ɗan galamse, wato mai haƙar zinare ba bisa doka ba, jikinsa yayi sanyi ya tuba ya bi ta. Wallahi ba'a haka. Mutumin da yake tsaye cikin laka har ƙugu tun asuba yafi jarumarki sanin kogin ya mutu, shi yake shan piya wata saboda baya iya shan ruwan da yake aiki a ciki, ba labari yake buƙata ba. Abinda ke haɗa mutanen da basa ga maciji buƙata ce, kowa yana da abinda yake nema wanda sai a hannun ɗayan zai samu, kuma kowa yana da abinda zai rasa in an gansu tare. In kika gina haɗin akan haka basai sun so juna ba, basai ma sun yarda da juna ba, kuma wannan rashin yardar shi zai riƙe miki mai karatu har ƙarshe.

Mu fara da yaron galamse tunda shine kowa ke tsammani. Ki san aikinsa da hannu kafin ki sa masa magana a baki. In akan kogi yake, kamar Offin wajen Dunkwa ko Pra ko Ankobra, toh akan chanfan yake, wani dandali ne na ƙarfe da aka ɗora akan durom-durom yana shawagi, da injin dizal ɗan Sin, da ƙaton tiyo dake zuƙo yashi da tsakuwa daga ƙasan kogi ya zubo akan katakon da aka shimfiɗa wa bargo ko kafet, ruwa ya wuce da laka ya koma kogi, nauyin ya maƙale a bargon. Da yamma a wanke bargon a baho, a rage a kwano har ya saura baƙin yashi, sai a ɗiga makuri, wani ƙarfe ne mai ruwa-ruwa mai guba, su med suke ce masa, a murza da yatsa tsirara har ya haɗiye zinaren, a zuba a hankici a matse, abinda ya rage ɗan dunƙule fari-fari a ƙona shi a kurfoti ko da wutar gas a shagon mai saye, makurin ya tashi hayaƙi, zinaren ya fito ja. Ma'aunin ma da reza ake yi a ɗan sikeli, zakiji ana cewa yau bilet kaza muka samu. Kuma yaron nan ba nasa bane injin, akwai sifonsa wanda ya bada dizal da kuɗin abinci, shi zai fara cire nasa, kuma a wurinsa za'a sayar a farashin da ya yanka. Yawancinsu da bashi suke kwana.

Yanzu me zai kawo irin wannan yaron wurin yarinyar da yake gani a bidiyo tana zaginsu? Ba tuba ba. Ki ce rami ya rufta da ƙaninsa, mai wurin yace kada kowa ya buɗe baki, an kawo ekskaveta an ƙara tura ƙasa akai dan kada maganar ta fita, shi kuma uwarsu tana can arewa tana bugo waya tana tambaya. Abinda yake so a tono gawar a mata sallah a binne, shikenan, ba ruwansa da kogi. Baya iya zuwa wurin 'yan sanda dan shi kansa mai laifi ne. Ita tana da lauya da 'yan jarida da suke ɗaukar wayarta, shi kuma ya san hanyar da lobed, doguwar motar ɗaukar ekskaveta, ke bi da dare, ya san wanda wayarsa ke fara ƙara kafin sojoji su iso. Kinga kowa yana amfani da ɗan'uwansa ne, kuma dukansu sun san haka.

Amma wurin da nafi so ki tsaya ki yi tunani shine ita jarumar. Idan hannunta tas yake, labarin ya mutu tun kafin ya tashi. Mu 'yan zango mun san kuɗin zinare ya shiga gidaje da yawa ta ƙofar da ba'a faɗa, wani kawunsa ke sayen zinare, wani yana kai dizal, wani welda ne a Magajin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, yana gyaran injin da bai tambayi ina za'a kai ba, wata tana dafa wake da shinkafa a bakin ramuka tana turo kuɗi gida ta momo, wato ta waya, duk sati. Ki sa kuɗin makarantar jarumarki daga nan ya fito. Kawun da ya riƙe ta bayan rasuwar babanta, wanda ya biya mata hostel shekara huɗu, wanda ya sa tayil a masallacin unguwa kowa na masa addu'a, shine sunansa zai fito a takardar da take nema. Kuma kar ki mai dashi mugu mai jan ido, ki barshi mutumin kirki mai zumunci wanda yake gani shi ciniki kawai yake yi, bai taɓa riƙe shebur ba. Ranar da yaron galamsen zai kalle ta yace kin san wa ke sayen abinda nake haƙowa, a nan littafinki zai fara numfashi.

Sai maganar ruwan kansa, nan ne aikina, kuma nan ne marubuta suka fi yin kuskure. Jan ruwan nan da kike gani kamar an dama koko, ba makuri bane ya mai dashi haka, laka ce, ƙasar da aka tayar. Makuri baya da launi a ruwa, kina iya ganin ruwa garau alhali kifin cikinsa da lakar ƙasansa cike suke. Illar laka daban, tana kashe kifi, tana cike madatsa, tana cinye famfon injin, kuma tana sa masu tace ruwa su ninka alum da sauran magani har abin ya gagara. A watan Agusta 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya fito ya faɗa cewa a matatar Sekyere Hemang dake kan Pra, wadda ke ba Cape Coast da Elmina ruwa, kaurin lakar ya kai wajen 14,000 a ma'aunin NTU, alhali an gina wurin ne dan ya iya da 2,000. Wannan lambar kaɗai ta isa babi guda, ki kwatanta ma'aikacin dare yana kallon mita yana yanke shawarar kashe injin, ya san gobe gari zai tashi babu ruwa kuma shi za'a zaga.

Shi kuma makuri hanya biyu yake shiga mutum. Wanda ke ƙonawa yana shaƙar hayaƙin, shi a fitsari ake ganowa, alamunsa rawar hannu, mantuwa, saurin fushi, dasashi na ciwo, ƙoda na lalacewa a hankali. Wanda ya zube a kogi kuwa ƙwayoyin halitta dake cikin laka suna juya shi ya zama wani nau'i mafi muni, ya hau jikin kifi, babban kifi ya ci ƙarami abin yana taruwa, mai ciki ta ci ya wuce wurin ɗan tayi ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi wannan a gashi ko jini ake ganowa. Dan haka in jarumarki tana neman hujja, kwalbar ruwa ɗaya data ɗiba a bakin kogi bazata kai ta ko'ina ba, hujjar tana cikin laka da kifi da gashin yara, da fitsarin yaron shagon da ke hura wuta. Kuma ga abinda zai miki amfani sosai wajen tada hankali, samfur yana da ƙa'ida. Kwalba ta musamman ce mai tsabta, in ƙarfe ake nema ana ɗiga asid dan kada ya manne a jikin kwalbar, a sa a kula da ƙanƙara, a rubuta wuri da rana da lokaci, kuma duk hannun da ya karɓa sai ya sa hannu a takarda. In aka samu gurbi ɗaya, kula ta kwana a wurin da babu wanda zai bada shaida, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce an canza, magana ta watse. Ki duba fa, kula ɗaya a bayan trotro, motar haya, daga yankin ramukan Manso zuwa Kumasi, ƙanƙara na narkewa, shinge uku a hanya, kuma wanda ya sa hannu na biyu shine wanda bata yarda dashi ba. Baki buƙatar bom ko bin mota da gudu.

Game da mugun labarin, dan Allah kar ki ɗauko ɗan Sin ki ɗora masa komai ki huta. Eh sun shigo da yawa, sune suka kawo aiki da manyan injina, a 2013 gwamnati ta kori sama da 4,500, kuma Aisha Huang, 'yar Sin ɗin da ta yi suna a harkar galamse, kotu ta ɗaure ta shekara huɗu da rabi a Disamba 2023. Amma dokar ma'adinai ta 2006 'yan Gana kaɗai ta ba damar riƙe lasin ƙaramin haƙa, kenan duk baƙon da kika gani a daji akwai ɗan ƙasa da ya tsaya masa da sunansa. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Ekskaveta ba'a aljihu ake shigo da ita ba, ta tashar jirgin ruwa take sauka, akan lobed take tafiya ɗaruruwan kilomita tana wuce shinge bayan shinge, wani ya bada ƙasa, wani ya sa hannu, wani ya kau da kai. Ki bi wannan layin a labarinki daga rami har ofis mai sanyi, ko wane mataki mutumin ya fi na baya tsabtar riga. Tarihin ma yana gabanki, a 2017 aka hana ƙaramin haƙa gaba ɗaya aka fito da rundunar sojoji da 'yan sanda ta Operation Vanguard, sai ƙarshen 2018 aka ɗage, a 2020 aka yi ta surutun ɗaruruwan ekskaveta da aka kama suka ɓace, a 2021 sojoji suka koma ƙona su a inda suka same su, a 2022 aka yi dokar L.I. 2462 data buɗe ƙofar haƙa a dazukan da aka keɓe, a Satumba 2024 matasa suka fito zanga-zanga a Ankara aka kama sama da 50. Duk wannan ana yi farashin zinare yana hawa, a Maris 2025 ya haye dala 3,000 kan oza ɗaya. Wanda ya fahimci wannan hawan ya fahimci dalilin da yasa ake ƙona inji yau, wani sati sabo ya iso. Shawarata dai garin labarinki da sarkinsa da jam'iyyarsa duk ki ƙirƙire su, kar ki sa sunan mai rai a matsayin mai laifi, ki bar ainihin tarihin yana wucewa a rediyon shago ko a bakin direba.

Kince littafin akan sauyin yanayi ne, toh anan sai kin yi hankali, galamse da sauyin yanayi ba abu ɗaya bane, kuma mai karatu mai ilimi zai kama ki in kika cakuɗa. Galamse ɓarna ce da hannu, yau aka yi yau aka gani. Sauyin yanayi kuwa zafin duniya ne ke ƙaruwa saboda hayaƙin mai da gawayin ƙasa da gas, wanda kasonmu a ciki ɗan kaɗan ne amma muna cikin masu shan wahalarsa. Inda suke haɗuwa shine a rayuwar mutum ɗaya. Arewa damina ɗaya gare su a shekara, in ta ƙi shikenan, a 2024 ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, masara ta bushe a tsaye har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a watan Agusta. Wata shekarar kuma ruwa ne zai yi yawa, a buɗe madatsar Bagre ta Burkina, gonakin bakin kogi su tafi. Yaron da gonarsa ta ƙone shine zaki gani a ramin Manso, ƙanwarsa kuma ita ce kayayo mai dako da kika ba kayanki a kasuwar Kejetia. Manomin koko shima haka, ciwon bishiya da rikicewar ruwan sama sun cinye amfanin, ƙasar data haura tan miliyan ɗaya a kakar 2020/21 ta faɗo zuwa wajen rabi a 2023/24, sai ga mutum da kuɗi a jaka yana cewa sayar min da gonar, kuɗin da koko bazai bashi ba a shekaru. Tsohon nan da ya sayar yana kuka shima abokin haɗin kai ne mai kyau, dan shi ya san ya ci amanar kakanninsa kuma 'ya'yansa sun ci kuɗin tare dashi. Basai kowa ya furta kalmar sauyin yanayi ba, ki bar tsohuwa tace da can mun san ranar shuka, yanzu bamu sani ba.

Haka in zaki sa ambaliya, kar ki ɗora wa sama laifin duka. Abinda ya faru a Circle ta Ankara ranar 3 ga Yuni 2015, ruwa da wuta a gidan mai, sama da mutum 150 suka rasu Allah ya jiƙansu, ruwan sama mai yawa ne eh, amma harda gwatoci da suka toshe da gini akan hanyar ruwa da rafin Odaw da ya cika da yashi da bola. Ke kanki kin san rafin Aboabo, kin san abinda ake yi da bola in hadari ya haɗo. Jarumar da zata je daji ceton kogin wasu alhali rafin bayan gidansu roba ce zalla, dole wani a labarin ya jefa mata wannan maganar, kuma ya kamata ta rasa amsa.

Akwai wani haɗin da nake ganin babu mai iya rubuta shi sai ɗan nan, liman da mai kula da tsafin kogi. Wurin Tonawa da Bono kogi ba ruwa bane kawai, kogin Tano abin bauta ne a al'adarsu, a Techiman ba'a cin kifinsa, kuma ranar Alhamis ta Asase Yaa ce, wadda suke ɗauka a matsayin uwar ƙasa, ba'a taɓa ƙasa da fartanya. Wurin mu kuma akwai ayar Suratur Rum da ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abinda hannayen mutane suka aikata, da hadisin da ya hana almubazzaranci da ruwa a alwala ko da a bakin kogi mai gudu kake. Su biyun bazasu taɓa yarda da juna akan aƙida ba, kuma kar ki sa su yarda, kar liman ya sassauta tauhidinsa dan labari yayi daɗi, mai karatunmu bazai yafe miki ba. Amma suna iya tsayawa a gaban sarki rana ɗaya kowa da dalilinsa. Ƙasar nan ta saba da irin wannan, a 2019 Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya je cocin Christ the King a Ankara lokacin Ista yana cika shekara 100, duniya ta yi ta magana. Nauyin dake kan limamin labarinki shine rufin masallacinsa kuɗin wa ne, kuma wa ke zaune a sahun farko ranar Juma'ar da zai yi huɗubar. Kar ki manta da ohema, uwar sarauta, a tsarin Tonawa ita ke nuna wanda zai hau kujera kuma ita ke da bakin tsawata wa sarki a gaban jama'a, sannan babban sarkin Tonawa Otumfuo Osei Tutu II ya tuɓe sarakuna akan galamse a 2023 da 2024, dan haka barazanar tuɓewa gaskiya ce ba ƙage ba. Akwai kuma Bafulatani makiyayi, wanda tun rikicin manoma da makiyaya na Agogo kowa ke masa kallon zargi, amma babu wanda ya kai shi sanin hanyoyin daji, kuma shanunsa ne ke faɗawa tsofaffin ramuka da aka bari cike da ruwa. Duk na lissafo miki ne dan ki zaɓa, uku sun isa, in suka yi yawa sai ya zama taron kwamiti.

Tashin hankalin fa ki nemo shi a inda yake a rayuwarmu. Yarinyar zango data taɓa manya ba da bindiga ake fara mata ba. Hotonta ne zai fara yawo a WhatsApp da ƙarya a ƙasa, ance an biya ta, ance 'yar jam'iyya kaza ce, ance an ganta a daji da maza. Sai dattawa uku su zo gaishe da mamanta bayan isha'i, da ladabi, ba wanda zai ambaci zinare. Sai dangin saurayi su ce a ɗan dakata da maganar kai goro. Sai mai gida ya tuna yana son ɗakinsa. Wannan yafi harbi ciwo a takarda dan duk mun san yadda yake. Bayan nan ne abin ke iya kaiwa ga jini, kuma yana kaiwa, Ahmed Hussein-Suale ɗan jarida mai bincike an nuna hotonsa a talabijin, a Janairu 2019 aka harbe shi a Madina. Manjo Maxwell Mahama kuma a Mayu 2017 a Denkyira-Obuasi jita-jita ce ta tashi cewa ɗan fashi ne, jama'a suka kashe shi da rana tsaka. Ban kawo su dan ki sa su a littafi ba, iyalansu na nan da ransu, na kawo ne dan ki gane a irin garuruwan nan magana ɗaya da aka jefa tana iya yin aikin da ɗan bindiga zai yi.

Ki sa wa labarin lokaci da ke ƙurewa. Mu anan damina biyu muke da ita, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, toh ki ce akwai tafkin dagwalon wanki da aka tare da ƙasa a saman wani ƙauye, bangon ya fara tsagewa, wanda ya gina ya sani, ruwan Yuni na tafe. Ko ki sa shekarar zaɓe, kowa na jiran 7 ga Disamba, babu mai son taɓa masu bada kuɗin kamfen. In kuma kina so ɗan Kumasi ya gyara zama, ki matso da barazanar kusa da madatsa irin Barekese ko Owabi da muke sha, yaji cewa famfon gidansu ake magana.

Haɗin nan kuma dole ya tsage a wani wuri. Buƙata ce ta haɗa su, ranar da ɗaya ya samu abinda yake so me zai riƙe shi? An tono gawar an binne, an tura wa uwar kuɗi masu kauri, yaron zai tsaya bada shaida ko zai kashe waya? Ita kuma in aka ce ta cire sunan kawunta a takardar a bata sauran, zata cire? Ni a ganina wanda ya ci amana ya zama wanda mai karatu yafi so, kuma dalilinsa ya zama wanda ni da ke zamu iya yi. A ƙarshe kar ki wanke kogin, ƙarya ne, laka tana iya kwantawa cikin watanni in an daina haƙa, an ga haka a wasu koguna lokacin hanin 2017, amma makurin dake ƙasa shekaru da yawa yake yi. Ki basu nasara ƙarama mai tsada, ƙauye ɗaya da aka kwashe kafin bango ya fashe, suna ɗaya da ya fito fili. Kuma ki amsa tambayar da masu gwagwarmaya da yawa basa son amsawa, in an rufe ramin yaron nan me zai ci gobe, dan in jarumarki bata taɓa tunanin wannan ba toh shi yana da gaskiya da ya ƙi yarda da ita.

Maganarsu ma ki barta yadda take, Hausar zango da Twi na faɗowa a ciki, yaron arewa da tasa Hausar ta kasuwa, jarumar in ta fusata Turanci ya kufce mata su kuma su ji ta musu nisa. Duk inda kika ga mutum ɗaya yayi magana ta wuce layi biyar ba wanda ya katse shi, ki duba da kyau, galibi ke ce kike magana ba shi ba.

Na ƙarshe bincike, kuma wannan da gaske nake ƙanwata, kar ki ɗauki waya ki tafi bakin rami ke kaɗai kina ɗaukar hoto, akwai masu gadi da makamai a wurare da yawa kuma basa tambaya kafin su ƙwace. Yawancin abinda kike buƙata yana nan cikin Kumasi. Ki zauna da masu gyaran inji a Magajin, da direbobin Obuasi da Dunkwa a tasha, da matan da suka taɓa sayar da abinci a can suka dawo, da nas ɗin da tayi aiki a ƙaramin asibitin ƙauye a Amansie, su zasu faɗa miki nawa ake sayar da piya wata a bakin rami da kuma irin raunin da ake kawowa da dare. Ki faɗa musu gaskiya cewa littafi kike rubutawa, kar ki naɗi muryar kowa ba da izininsa ba, kuma ki canza duk abinda zai sa a gane su. In har sai kin ga wurin da idonki, ki bi ta hannun ɗan garin da ake ganin girmansa, ki je da muharraminki, ku shiga da safe ku fito kafin la'asar, wayar kuma ta zauna a jaka.